Allon Da Ya Koyi Magana

"Ku matso kusa, 'yan jikokina, ga ta nan na kawo muku."

"To Kaka, sako ta, kunnenmu na wurinki."

Wata yarinya ce ta kama aikin gyaran rubutu a wata madaba'a da ke buga littattafan makaranta, can hawa na biyu bayan tashar bas, inda ƙamshin tawada ke tarbar mutum tun daga matakala. Kullum da biro ja soke a gefen ɗankwalinta, shi ya sa ba a daɗe ba kowa ya koma ce mata Jan Biro.

Littattafan lissafi suka fi bugawa, kuma ba da jan hoto nan a ajiye can suke tsara shafi ba. Mutum zai rubuta littafinsa da wasu alamomi, sannan ya buɗe wani baƙin allo a kwamfuta ya rubuta umarni, sai wata 'yar manhaja mai suna Jera ta ɗauka ta fitar da shafuka tsaf.

Ranar farko Jan Biro ta rubuta umarninta, allon ya ce mata: "Kuskure 4."

Ta rubuta "jera taimako". Allon ya ce: "jera f -s -k -n". Daga nan ko ƙala.

Ta juya wurin tsohon da ke ɗaurin littafi. "Baba, wane marowacin ne ya rubuta wannan abin?"

"Ga shi can jikin taga, 'yata. Malam Gum muke ce masa. Ki tafi da guzurin maganarki, don a wurinsa ba a samu."

Dogo ne siriri mai tabarau, shayinsa ya huce a gefe bai sani ba. Ta yi sallama ya ɗago, sai ta ga idanu masu natsuwa irin waɗanda ke sa mutum ya rage murya.

"Sannu da aiki. Mene ne kuskure na huɗu?"

"Alamar baka," ya ce. "Kin buɗe ba ki rufe ba."

"Ita manhajar ta san haka?"

"Ta sani."

"Ta san a wane layi ne?"

"Ta sani."

"Shi ne ta ƙi faɗa mini? Kai, wannan halin ubanta ta ɗauko."

Sai ga Malam Gum yana dariya, har da cire tabarau. Tsohon nan mai ɗauri ya saki burushin gam a ƙasa don mamaki.

Da ta rufe bakar, shafin ya fito, ta daɗe tana kallonsa. Ita da ta saba farautar aibi, ta duba sama ta duba ƙasa ba ta ga inda za ta ɗora jan bironta ba. Kowace lamba zaune a gurbinta, layin kaso a miƙe, tazara daidai kamar an auna da ma'aunin zinare. A ranta ta ce, mai wannan hannun ba ƙaramin mutum ba ne, baki kawai aka hana shi.

Washegari ta jawo kujera kusa da teburinsa ta ce ita za ta koya wa Jera magana. Ta ce kowane saƙo sai ya faɗi abin da ya faru, da inda ya faru, da abin da mutum zai yi. Shi yana faɗa mata abin da ke cikin manhajar, ita tana mayar da shi zancen mutane. "Kuskure 4" ya koma: "An buɗe baka a layi na 12, ba a rufe ba. Duba ƙarshen layin ka saka ta." Ya karanta ya sake karantawa, ya ce, "Malamata, ni na haifi abin nan, amma yau na ji muryarsa."

Sannan ta kafa masa doka. Duk lokacin da suka gyara wani sashe na littafin jagora mai koyar da amfani da Jera, sai su zaunar da wanda bai taɓa taɓa Jera ba a gaban allon. Shi kuma Gum ya danne hannuwansa a ƙarƙashin cinya, ya rufe baki, ko mutum zai yi kuka kada ya tanka, ya dai lura da inda aka yi tuntuɓe.

"Ranar da mutum zai kunna ta a gidansa ba ka nan," ta ce. "In ka buɗe baki ka ɓata gwajin."

Da suka gwada da kashiyar madaba'ar, matar nan ta roƙe shi har da haɗa shi da iyayensa. Gumi ya jiƙa masa riga, bai tanka ba. Jan Biro ta ce ba ta taɓa ganin ɗalibi mai biyayya irinsa ba.

To, kun san zuciya. Wata rana da yamma tana cikin bas saƙonsa ya shigo: "Kin isa?"

Ta mayar: "Wannan saƙon bai cika ba. Me ya faru, a ina, mene ne abin yi?"

Can sai ga wani: "Malamata, na tsaya a taga har bas ɗinki ta sha kwana. Tun fitarki ofis ya yi mini faɗi, kuma a ƙirji abin yake. Abin yi: ki ba ni izini in zo in gaida Babanki."

Ta rufe fuska da gyale tana murmushi, har matar da ke kusa da ita ta ce, "Allah ya sa mu sha biki, 'yan mata."

Sai dai ba shi kaɗai ba ne. Akwai jami'in tallan madaba'ar, wanda ake ce wa Mai Turare, don ƙamshinsa ke riga shi shiga ɗaki. Shi tuni ya san hanyar gidansu, kuma bakinsa kamar an shafa zuma. Mahaifinta tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya, mai son hira, mai son a ba shi amsa in ya yi tambaya. Yana jin daɗin zaman Mai Turare.

Ranar da Gum ya zo, ya durƙusa ya yi gaisuwa da ladabi. Jan Biro ta shige kicin wurin mahaifiyarta haɗa shayi. A falo Baba ya kawo zancen littafin da ya daɗe yana rubutawa da hannu, ya ce burinsa ya tsara shi da kansa kafin ido ya gaza. Idon Gum ya kawo haske. Ya zaro kwamfutarsa ya ajiye a gaban dattijo, ya buɗe masa littafin jagora. Da ya ga sabon hannu a kan allo, sai sabo ya yi halinsa: ya danne hannuwansa a ƙarƙashin cinya, ya yi gum.

Baba ya rubuta umarni, ya jira, ba abin da ya motsa, don ba wanda ya ce masa a danna babban maɓallin nan na dama. "Yaro, me zan taɓa?" Shiru. Ya laluba ya gano da kansa. Allon ya ce bai ga fayil ɗin ba, saboda Baba ya bar tazara a cikin sunan. "Ga shi ina kallonsa, ya za ta ce babu?" Shiru. Ya yi ta fama har ya rubuta kason da ya fi ƙauna, ya sake dannawa. Wannan karon allon bai ce komai ba.

Ashe aikin ya yi! Ita Jera haka aka gina ta, in komai ya tafi daidai ba ta cewa uffan. Su 'yan madaba'a sun saba, ba wanda ya taɓa ganin abin a matsayin aibi. Baba ya dubi allo shiru, ya dubi saurayi shiru, ya cire tabaraunsa ya naɗe.

"Na koyar da yara har furfura ta cika mini kai," ya ce, "ban taɓa barin yaro ya tambaye ni na zuba masa ido ba. Ɗauki kayanka. Ka gaida gida."

Jan Biro ta fito da tire ta tarar da kujera wayam. Ta yi ta bayani, ta ce doka ce, ita ma ta kafa ta. Baba ya ɗaga mata hannu.

"Uwata, kare shi kike yi. Mutumin da zai ga tsoho na laluben hanya ya naɗe hannu, ranar da kika shiga damuwa ma haka zai zuba miki ido. Ban yarda ba."

Ta shiga ɗaki ta rubuta masa: "Mahaifina ne fa, ba kashiya ba! Ko kalma ɗaya ta gagare ka?"

Amsa ta zo: "Na yi kuskure."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

Bai sake amsawa ba. A ofis ya sunkuyar da kai a kan aikinsa, ita ma ta mayar da kujerarta wurinta na da. Ta ɗauka ya haƙura da ita ne, abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Mai Turare kuwa ya samu fili. Ya je ya ce, "Baba, ina kai ina wahalar baƙin allo? Kawo littafin a buga maka, ka huta." Ya karɓi babi guda ya kai wa wani mai buga takardu a kasuwa. Da aka dawo da shi, ƙananan lambobin da ya kamata su hau kafaɗar haruffa duk sun sauko sun zauna a ƙasa. Baba ya ce an gode, ya tura takardun ƙarƙashin rediyo.

Ana nan sai wata safiya ta kunna kwamfutarta ta ga Jera ta sabunta. Ta buɗe littafin jagora ta ga sabon babi a gaba: "Ga wanda bai taɓa zama gaban baƙin allo ba." Ta karanta har ƙarshe, hawaye na ɗiga a kan hannunta. Ba ta ce da kowa komai ba. Da ta koma gida ta ajiye kwamfutar a buɗe kan teburin falo, washegari ta fita aiki ta bar ta.

Da hantsi mahaifiyarta ta kira ta a waya, murya ƙasa-ƙasa. "Ke, tsohon nan naki ya zauna gaban abin. Ya ce ƙura zai goge mata. Ga shi har da tabarau."

Baba ya fara karatu. Layin farko ya ce: "Bayan ka rubuta umarni, danna babban maɓallin da ke hannun dama. Kafin nan kwamfuta jiranka take yi." Ya yi tsaki kaɗan, ya ci gaba. Da gangan ya sake barin tazara a sunan fayil. Allon ya ce: "Ban ga 'babi' ba, amma ga 'babi na ɗaya'. In shi kake nufi, cire tazarar da ke cikin sunan. Yana nan, bai ɓata ba." Ya sauko kan misalin rubuta kaso, sai ya ga nasa ne, wanda ya rubuta ranar nan, lamba da lamba. Ya danna. Allon ya ce: "Ina aiki, ɗan jira." Sannan: "An gama lafiya, babu kuskure. Ga shafinka."

Shafin ya buɗe, kowace lamba a gurbinta.

"Maman yara!" ya ƙwala kira. "Zo ki gani. Yaron nan duk abin da na faɗa ya ji. Har wanda na faɗa a ƙasan maƙoshi."

Da yamma ya sa aka kira Gum. Jan Biro ta laɓe bayan labule, mahaifiyarta na mintsininta.

"Allonka ya koyi magana," in ji Baba. "Saura kai. Ba allo zan ba 'yata ba."

Gum ya ɗago kai. "Baba, na yi maka laifi a falonka. Ya kamata in faɗa maka tun farko cewa gwaji nake yi, in nemi izininka, ko ma in bar gwajin in amsa maka kamar ɗa. Duk tambayar da ka yi sai da ta sosa mini rai. Ni ban iya zance ba, in abu ya dame ni aiki nake kamawa. Ita ma na bar ta cikin duhu kwanakin nan, ba daidai ba ne." Ya numfasa. "Ina son 'yarka, Baba. Ban taɓa ganin mai tausayin wanda bai sani ba irinta. In ka ba ni ita, ba za ta tambaye ni in yi shiru ba."

Baba ya juya wajen labule. "Ke mai kafa doka, ƙafarki ta leƙo, fito. Ke kika ɗaure masa baki, kika turo mini shi babu gargaɗi. Ke ma da naki laifin."

"Na tuba, Baba," ta ce, kai a ƙasa, dariya na cin ta.

"Ka turo manyanka," Baba ya ce wa Gum. "Amma ka sani, babi na bakwai duk zane-zane ne, kuma wannan karon da baki za ka koya mini."

"Da baki, Baba. Har sai ka ce in yi shiru."

Kafin ya kai tashar bas saƙonta ya riske shi: "Gwanina, yau ka yi magana mai tsawo, kuma ban ga inda zan gyara ba."

Ya mayar: "Ta yi mini wuya, Malamata. Amma na ji daɗinta. Gobe ma zan ƙara."

Aka ɗaura aure cikin farin ciki. Baba ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya sa ku zama masu saurarar juna, masu amsa wa juna." Kowa ya ce amin.

Baba ya tsara littafinsa da hannunsa har shafin ƙarshe, madaba'ar ta buga, tsohon nan ya ɗaure masa kwafin farko da bango mai kauri. Mai Turare ya koma wani kamfanin sayar da takarda, ya auri wata mai surutu irinsa, suna zaune lafiya. Jan Biro ta zama shugabar masu gyara, Gum yana nan jikin tagarsa yana kula da Jera, suna da 'ya mace guda da ta fara magana tun kafin ta fara tafiya.