Zomo Mai Kunne Ɗaya a Gidan Hamamoto

Jarkoki biyu na ruwa ne a hannun Kanae ranar da ta fara ganinsa. Yana tsugune a bayan kangon gidan wutar lantarki na tsibirin Okunoshima, cikin farar riga ta masu aikin ofis, yana fama da igiyar wani kwando. Zomayen daji sun fi talatin kewaye da shi, sun ɗauka kabeji ya kawo.

Duk Lahadi Kanae kan shiga jirgin ruwa na safe daga Tadanoumi ta ƙetara ta cika wa zomaye kwanonin ruwa. Shekara huɗu tana wannan aiki, ta san masu zuwa da kwando. Ta ajiye jarkokin.

"Kai mai kwando, in ka buɗe abin nan, kafin jirgi na gaba ya iso babu kunne a kan zomonka."

Ya miƙe ya rusuna, fuskarsa ta yi ja. Ya ce shi dai ya ji an ce nan ne aljannar zomaye. Kanae ba ta yi masa musu ba. Ta ja shi ƙarƙashin wani benci ta nuna masa wani zomo da aka yar makon jiya, ido ɗaya ya tsiyaye, bayansa duk miki. Ta ce kowane garke a nan da yankinsa. Zomon gida mai ƙamshin sabulu baƙo ne, su za su fara yaga shi, hankaki su ƙarasa.

Sunansa Shuhei Kurata, ɗan gidan masu giyar shinkafa a Saijo, yana aiki a Mihara kafin lokacin gadonsa ya yi. Farin zomon da ke kwando Kinako ne, na ƙanwarsa Nozomi da ta rasu a watan Maris. Mahaifiyarsu ta ce ba za ta iya ci gaba da jin ƙarar shan ruwansa a ɗakin marigayiya ba, ya kai shi tsibiri cikin 'yan'uwansa.

Kanae ta leƙa kwandon. Zomon ya sansana yatsanta.

"Ka ɗaure. Kuma tunda hannunka ɗaya banza ne, ɗauki jarka."

Jirgi biyu suka wuce shi a ranar. Da yamma ya koma da Kinako ɗakinsa na haya a Mihara, ya ce wa mahaifiyarsa ya sake shi.

Saƙonsa na farko ya zo ranar Talata.

"Barka da rana, Mai Jarka. Kinako ya cinye min wayar caja. Ko akwai wani hukunci a dokarku?"

"Akwai. Mai shi zai ɗauki jarka biyu ranar Lahadi."

"Na amsa laifina. In na sake aikatawa fa?"

"Sai ka yi ta ɗauka har tsufa, Mai Kwando."

Ya yi ta ɗauka. Damina ta zo ta wuce, matuƙan jirgi suka fara tsokanarsa, suna tambaya ko ma'aikatar ruwa ce ta ɗauke shi aiki. Wata Lahadi a kan tudu, zomaye na cin karas a tafin hannunsa, ya ce mata yana so ya aure ta. Ta ce ya fara zuwa ya ga kakanta.

Tsoho Tomekichi Hamamoto shi ya raine ta. Shekararsa tamanin da huɗu, yana kwana da bututun iska a hanci, tarinsa kuma duk unguwa an san shi. Daga tagarsa ana hango tsibirin sarai, amma shekara saba'in bai taka shi ba. Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka kwashe su daga makaranta zuwa masana'antar iskar guba da sojoji suka gina a can lokacin yaƙi. Abin da ya yi a ciki, ko Kanae bai taɓa gaya wa ba. Ya dubi Shuhei ya daɗe, ya tambaye shi ko gidansu sun san gidan wa ya shigo. Shuhei ya ce zamani ya canza. Tsohon ya yi tari, ya ce a zuba wa baƙo shayi.

Gidan Kurata ba sa aure sai an yi bincike. Uwargida Fusako, mahaifiyar Shuhei, ta ɗauki mutum ya zo Tadanoumi ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya da tambayoyi. Bayan kwana goma ta ajiye wa ɗanta takarda shafi uku. Ta ce kakan yarinyar ya shaƙi guba, ubanta ya mutu da ciwon huhu, wa ya san me ke cikin jininta. Shuhei ya ce uban Kanae taba ce ta kashe shi, likitoci ma ba su ce abin na bin jini ba. Ta ce ta riga ta binne 'ya ɗaya, ba za ta sayo jikoki masu tari ba. Ga Sayaka, ɗiyar abokin kasuwancin babansa, lafiyayya tun daga kakanni.

Shuhei bai gaya wa Kanae wannan ba. Abin da ya tura mata shi ne:

"Mai Jarka, Mama na so ta gan ki. Ta ce a tsibirinki za a haɗu, Lahadin nan. Ina jin ta sauko."

"Me zan sa?"

"Abin da kike sawa. A haka na gan ki."

Ta sa sabuwar riga duk da haka, ta yanka karas siri-siri ta zuba a leda.

Su huɗu suka sauko daga jirgi. Uwargida Fusako a gaba da laima, Shuhei a tsakiya, sai wata doguwa mai takalmi mai tsini da aka gabatar da ita da sunan Sayaka, 'yar gida. Direban Uwargida na biye da wata babbar jaka. Kanae ta rusuna har ƙasa ta yi musu sannu da zuwa.

Fusako ta yaba rigarta, ta ce launin ya dace da masu aikin waje. Ta tambayi jikin tsoho, ta ce ta ji ana jin tarinsa tun daga tashar jirgi. Sayaka ta rufe baki da hannu. Suka taka har kangon gidan wuta, zomaye na bin su, sannan Fusako ta tsaya ta sa direba ya ajiye jakar. Kwandon nan ne a ciki. Tana da makullin ɗakin ɗanta, jiya ta je gyara masa ta tarar da abin da aka ce an saki tun bara.

"Ɗana bai taɓa yi min ƙarya ba sai da ya san ki," in ji ta, cikin murya mai taushi. "Ba na ganin laifinki, 'yata. Kowane abu yana da inda ya dace da shi, ya fi jin daɗi cikin irinsa. Yau kowa zai koma wurinsa."

"Mama, don girmanku kada ku buɗe. Za su kashe shi."

"Zomo ne fa. Waɗannan ma zomaye ne."

Shuhei ya yi taku ɗaya. Mahaifiyarsa ba ta ko dube shi ba, ta ce, "Tsaya nan." Ya tsaya. Shekara talatin yana tsayawa in an faɗi haka, ƙafafunsa sun riga shi amsawa.

Kinako ya fito yana ƙyafta ido a rana. Zomaye biyar suka matso suna sansana shi. Sayaka ta ɗaga waya tana ɗauka, tana cewa a duba yadda suke yi masa maraba. Sai wani ƙaton mai ruwan ƙasa ya hau shi. Farin gashi ya tashi a iska. Yawancin mutane ba su san zomo na da murya ba, kukansa kamar na jariri ne.

Kanae ta faɗa cikinsu da gwiwoyinta. Ta sha cizo biyu kafin ta zaro shi. Kunnen hagu ya rage a fata kawai, jini ya jiƙa gaban sabuwar rigar. Ta miƙe ta dubi Shuhei, yana nan inda aka ce ya tsaya.

Fusako ta ce, a hankali, ba ta san haka suke yi ba. Ta buɗe jakar hannunta ta miƙa hankici. Kanae ta wuce ta.

Likitan dabbobi a Takehara ya cire kunnen, ya ce in zomon bai ci abinci cikin kwana biyu ba, shi ke nan. Kanae ta kawo shi gida a akwatin takalmi, tana shirin ɓoye shi, domin tsoho bai taɓa yarda a shigo da ko hoton zomo ba. A bakin ƙofa ta same shi. Ya dubi akwatin.

"Aikina ke nan a can," in ji shi. "In ɗauke su a keji in kai ɗakin gwaji, a rufe ƙofa, a duba ko gubar ta yi. Kullum da safe. Ni na kai su, ban taɓa fito da ko ɗaya ba." Ya miƙa hannu. "Ba ni shi."

Kwana tara tsohon yana ɗura masa niƙaƙƙen ganye da sirinji, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Kwana taran nan saƙonnin Shuhei na shigowa.

"Kanae, ki yafe min."

"Na ce wa Sayaka ba zan aure ta ba. Na ce wa Mama ma."

"Mai Jarka, ko yana raye kawai ki gaya min."

Ta amsa guda ɗaya.

"Yana raye. Tsaya nan."

Ranar Lahadi ta biyu, matuƙin jirgi ya gaya mata cewa saurayinta ya ƙetara shi kaɗai da jarkoki huɗu, ya cika kwanonin tsibiri kaf, har ya manta da hula rana ta ƙona masa wuya. Ta ce ba saurayinta ba ne. Lahadi ta uku ma haka, da ta huɗu. A ta biyar ya zo ƙofar gida, ya durƙusa a kan dakali ya sa goshinsa a ƙasa. Kanae ta ƙi fitowa. Tsoho ne ya fito, da Kinako a hammata.

Bai ce masa ya tashi ba. Ya ce shi ma an taɓa ce masa tsaya nan ya tsaya, an ce ɗauki keji ya ɗauka, saboda haka ba shi da bakin zaginsa. Amma jikarsa ba za ta shiga gidan da za a riƙa duba 'ya'yanta ana jiran tari ba.

"In kana son ta, kai za ka shigo. Ka ajiye Kurata ka ɗauki Hamamoto. Sunan da aka rubuta wa shafi uku."

Shuhei shi kaɗai ya rage wa gidansu. In ya bar sunan, gidan da ya shekara ɗari da hamsin ya ƙare a kan uwarsa. Ya san haka, tsoho ma ya sani. Ya daɗe goshinsa a ƙasa.

"Na ɗauka, Kaka."

Daga bayan ƙofa Kanae ta ce, "Kaka, ku tambaye shi, in aka sake ce masa tsaya nan fa?"

"Sai in an yanke min ƙafa, Mai Jarka."

"To ka tashi. Kana tare wa mutane hanya."

A watan Nuwamba suka kai takardar aure ofishin gari. Tsoho ya buga hatiminsa a gurbin shaida na farko, matuƙin jirgi ya buga a na biyu. Babu kowa daga Saijo. Da safen ranar mota ta kawo kunshi daga Uwargida Fusako: kwandon nan, an wanke shi tas, da kwalbar shan ruwa da Nozomi ta rubuta wa suna da hannunta. A ciki akwai 'yar takarda: "Na binne ɗaya a Maris, ɗaya a Nuwamba. Kada a zo min." Shuhei ya karanta sau biyu, ya ninke ta ya sa a aljihu. Kanae ta riƙe hannun rigarsa har suka isa.

Da ma'aikaciya ta kira Hamamoto Shuhei, bai waiga ba, sai da amarya ta zungure shi da gwiwar hannu.

A gida aka ci jan kifi da shinkafa da wake, maƙwabtan da aka bi da tambayoyi suka cika falo suna tsokanar ango, wai ya shigo gidan tari sai ya fara koyo. Tsoho ya sa aka buɗe tagar da ke kallon teku, ya zaunar da su a gabansa. Ya ce duk shekara in lemu ya nuna su aika wa mahaifiyar Shuhei kwali guda Saijo, ko an dawo da shi su sake aikawa, domin matar nan ita ma an yage mata kunne.

Sannan ya ɗora hannu ɗaya a kan Kanae, ɗaya a kan Shuhei. Ya jira tari ya lafa.

"Ku daɗe tare, ku haifi masu ƙarfin huhu su cika gidan nan da ihu. Duk ranar da aka taru a kan ɗayanku, ɗayan ya shiga da gwiwoyinsa."

Suka rusuna. A ƙarƙashin tebur, Kinako ya karkata kunnensa guda, yana ta cin igiyar sabon takalmin ango.