Akwatin Dawar Kajin Nana

A wata unguwa a Kumasi akwai wata yarinya 'yar aji shida. Tana zaune da kakarta, Nana. Nana tana kiwon kaji, amma ciwon gwiwa ya sa fita ba su abinci yana yi mata wuya.

Yarinyar tana cikin ƙungiyar ƙere-ƙere ta makaranta. Sai ta haɗa akwatin da zai riƙa zubo wa kaji dawa da kansa. Malam Ansa, mai kula da ƙungiyar, ya ara mata wani ɗan inji da ake kira sarbo. Yana da ɗan hannu mai juyawa, shi zai riƙa buɗe ƙofar akwatin.

"Da batir kawai za ki gwada shi," in ji Malam. "Kada ki haɗa shi da wutar gida sai na nuna miki."

Ranar Asabar da rana batir ya mutu. Ga shi ranar Juma'a za a yi bajekolin ƙere-ƙere. Ta kasa haƙuri. Ta buɗe durowa, ta ga adaftar tsohuwar rediyon Nana, wadda ake jona rediyon da ita a wutar gida. Ta gwada bakinta a jikin injin, ya shiga daidai.

"Ai tunda ya shiga, shi ke nan," ta ce a ranta.

Ta jona a soket, ta kunna. Injin ya yi ƙara, ya yi karkarwa, sai hayaƙi. Wari ya cika ɗaki. Ta kai hannu za ta cire wayar.

"Ke! Kada ki taɓa!" Nana ta daka tsawa. Ta miƙa sandarta ta kashe makunnin bango.

Yarinyar ta fashe da kuka.

"Nuna min yatsunki," in ji Nana. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya. "Lafiyarsu ƙalau. To, injiniya, dawa za ki ba kajina ko gasa su za ki yi?"

Ranar Litinin ta je wurin Malam da injin da adaftar. 

"Malam, na ƙi jin maganarka. Na ƙona shi."

Malam ya juya adaftar. "Karanta min ƙaramin rubutun nan."

"Bolt goma sha biyu."

"Shi kuwa injin nan bolt biyar yake ci. Kin ɗura masa wutar da ta fi ƙarfinsa. Na ji daɗi da kika faɗi gaskiya. Amma ba mu da wani."

Ranar Juma'a kowa ya baje abinsa. Ita tana tsaye, akwatinta ba ya motsi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Da aka tashi, Serwa 'yar ajinsu ta kwance injin da ke jikin motarta ta kwali.

"Ungo," ta ce. "Motata ta gama yawonta. Malam ya yarda."

Malam ya kawo adafta mai bolt biyar, wadda ke da isasshen ƙarfi. Ya ce yarinyar ta karanta rubutun da kanta. Ya nuna mata inda jar waya take shiga da inda mai ruwan ƙasa take shiga. Sai da suka duba sau biyu, sannan ya kunna. Ɗan hannun ya juya a hankali, ƙofa ta buɗe.

A gida, kawunta ya kafa akwatin a baranda inda ruwa ba ya kaiwa. Dawa ta zubo, kaji suka rugo. Nana ta yi ta dariya daga kan kujerarta.

Ranar Litinin yarinyar ta kai wa Malam da Serwa dafaffen ƙwai daga Nana.

"Na gode, Malam. Na gode, Serwa."

"Me kika koya?" Malam ya tambaya.

"Shigar baki ba ita ce dacewa ba. Zan karanta rubutu tukuna, kuma ba zan jona komai a wuta ba sai babba ya duba."