Birkin Hannun Sumayyah

Ranar da Sumayyah ta fara ganin Abdulƙadir, faɗa suka yi. Ta kai tsohuwar motar babanta garejinsa da ke Jikwoyi, ta miƙa masa wani jan maɓallin ƙarfe da ta sayo a Wuse, ta ce ya sa mata a birkin hannu. Ya juya shi a tafin hannunsa, ya dubi mayafinta da katin ma'aikata da ke wuyanta, sannan ya tambaye ta ko yayanta ne ya aiko ta.

Nan take ranta ya ɓaci. Ta ce ba ta da yaya, kuma in ba zai iya ba ya ba ta kayanta, Abuja ba ta rasa makanikai ba.

Bai ba ta ba. Ya zare maɓallin asali, ya ɗaura sabon, ya nuna mata yadda yake aiki. In ta murɗa shi, birkin ba zai ƙara kama haƙoransa ba, tana ja tayoyin baya su ƙame, mota ta zame ta juya, tana saki ya koma ƙasa da kansa.

"Amma ranki ya daɗe, in kin gama wasa ki mayar da shi. In kika manta, duk inda aka ajiye motar nan tafiyarta za ta yi."

Ta ce ta ji, ba yarinya ba ce.

Ranar Asabar ya bi ta zuwa wani fili da babu kowa a hanyar Karshi, wai don ya duba aikinsa. Ya ga yadda take juya motar kamar tana juya tuwo, ya kasa rufe baki. Daga nan Asabar ta zama tasu. Ita ce mai masifa, shi ne mai dariya, kuma duk masifar ba ta hana ta jiran saƙonsa ba.

"Direbata, yau ma kin harare ni har na manta sifana a cikin injin mutane. Ki tausaya wa kwastomomina."

Ta amsa: "Oga na, laifinka ne. Wa ya ce ka yi kyau cikin baƙin mai?"

Har Abdulƙadir ya fara zuwa gaida babanta, Alhaji Yamusa, wanda yake karɓarsa ba yabo ba fallasa, domin ya fi son Farouk, ɗan abokinsa.

Sai wata Asabar Sumayyah ta manta da maɓallin. Washegari Alhaji ya ɗauki motar ya tafi Zuba sayen 'ya'yan itace. Ya ja birki ya fita, bai lura ya koma ƙasa ba. Yana cikin ciniki motar ta gangara ta afka cikin tulin kankana. Allah ya tsare ba ta taka kowa ba, amma dattijon ya sha zagi a gaban jama'a, ya dawo gida yana huci.

Farouk ne ya yi masa bayanin maɓallin, har da ƙari. Ya ce kayan 'yan wasan mota ne, kuma babu shakka makanikin nan ne yake ɗaukar motar yana tashin ƙura da ita. Alhaji ya kira Abdulƙadir ya wanke shi tas, ya ce kada ya sake taka masa ƙofar gida. Abdulƙadir ya ce shi ya ɗaura, a yi haƙuri. Bai ambaci sunan Sumayyah ba.

Da Sumayyah ta ji, wayarsa ta sha wuta.

"Wa ya sa ka? Ni na ce ka ɗauki laifina? Ka gwammace ka rasa ni da ka faɗi gaskiya?"

"Direbata, na gwammace ya tsane ni da ya daina yarda da ke."

Ta kife wayar. Haushinsa take ji kamar ta shaƙe shi, kuma ba ta taɓa son sa kamar ranar ba.

Ta tafi falo ta gaya wa babanta komai. Abin takaici, dariya ya yi. Ya ce soyayya ce ta sa take kare shi, ita da ko shiga gareji da baya sai maigadi ya yi mata hannu. Farouk, da ke zaune yana shan shayin gidansu, ya ce ai Sumayyah ba za ta iya irin wannan haukan ba. Wannan yabo ya fi mata zagi ciwo. Ga gaskiya ta faɗa, an ƙi karɓa, ga Abdulƙadir zai tafi a kan ƙarya.

Da safe ta ce wa babanta ya raka ta wani wuri. Bai san inda za su ba sai da suka tsaya a tsakiyar filin hanyar Karshi.

"Baba, ɗaura bel."

Ta murɗa maɓallin, ta taka mai, ta karya sitiyari, ta finciki birki. Motar ta zame gefe tana kuka, ta zagaya, ta sake zagayawa. Hular Alhaji ta faɗa kujerar baya. Babu addu'ar da bai karanta ba.

Da ta tsaya, ta mayar da maɓallin a gabansa, hawaye na zuba.

"Ni ce, Baba. Ni na manta. Ya gargaɗe ni tun ranar farko."

Alhaji ya miƙa hannu baya ya ɗauko hularsa. Ya yi fushi, fushi na gaske, har ya ƙwace makullin na wani lokaci. Amma a wannan yammacin da ƙafarsa ya je Jikwoyi, ya tsaya cikin baƙin mai da farar shaddarsa ya ba makaniki haƙuri.

Bayan sallah aka ɗaura aure, bisa sharaɗin babu wasan mota a bikin. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya riƙe hannun ango, idonsa ya cika.

"Wanda ya sha zagina don ya rufa wa 'yata asiri, ba ni da wanda ya fi shi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari." Ya share ido, ya rage murya. "Kai kuma Allah ya ba ka haƙuri. Na zauna a kujerar da za ka zauna."