Sharaɗin Hannun Dama

"Ya maida musu goronsu."

Rariyar da ke hannun Sakinatu ta suɓuce, garin shinkafa ya watse a kan tabarma.

"Inna... goron wa?"

"Goron wa kinka sani? Na Kalilu mana. Tun da hantsi babanki ya aika anka maida."

"Mi yay yi?!"

Kafin Inna Hodi ta buɗe baki sai ga mai gidan da kansa, ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba. Malam Dikko shi ne shugaban manoman shinkafa na fadamar Zauro, mutum ne mai kyauta da sakin fuska, amma gara rumbunsa ya ƙone da a yi masa dariya a cikin mutane.

"Mi yay yi kika tambaya? Hannu yar riƙe min! A gaban hakimi, a gaban talakka!"

"Baba..."

"Wai in koma gehe, in kau da huska, in ja da hagu. Ni Dikko! In yi bisimilla da hannun da nika tsarki da shi!"

Abin da ya faru ba shi da tsawo. A shekarar da ake ta shirin karɓar mulkin kai, wani kamfani ya kafa injin casar shinkafa mai aiki da lantarki a Birnin Kebbi. Kalilu, saurayin Sakinatu, shi ne ma'aikacin wuta a wurin. Ranar buɗewa aka girmama Malam Dikko, aka ce shi zai tada injin. Ya tako cikin babbar riga, ya tsaya ƙirji da ƙirji da akwatin wuta, ya miƙa hannun dama zuwa makunni. Sai Kalilu ya yi wuf ya cafke masa wuyan hannu. Wani a bayan taro ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi.

"Ba ni yi miki dole," in ji Malam Dikko. "Amma yaron ga, ko shi kaɗai yar rage, ba ni ba shi ɗiyata."

Sakinatu ta shige ɗaki ta kife a kan gado.

Kuka ta yi, irin na wanda aka yi wa mutuwa.

Abin nema ya samu ga Yari, dillalin shinkafa daga Argungu, wanda ya daɗe yana neman Sakinatu tana yi masa kallon hadarin kaji. Kullum yana zauren Malam Dikko, yau da ɗanyen kifi, gobe da turare, bakinsa kuwa ba ya hutawa.

"Ai raini na, Baba. Injin ga ni ma na gane shi Kano, yara ka ja nai da dama suna waƙa."

Da dattawa suka matsa da ban haƙuri, Yari ne ya raɗa wa tsohon sharaɗin da zai kafa. Kamfanin zai buɗe inji na biyu a Argungu cikin makon bikin mulkin kai. To, Kalilu ya cire kayan dodon nan nasa na kariya daga wuta, ya sa babbar riga kamar ɗan mutunci, ya fuskanci akwatin ya ja da dama a gaban jama'a. In ya yi, an yafe. Yari ya tabbata ba zai yi ba, don ya san taurin kan Kalilu a kan dokar aikinsa.

Da la'asar Inna Hodi ta saci hanya ta bar Kalilu ya shigo zaure. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Sakinata..."

"Kada ka kirai ni taka, tunda ka zaɓi akwati."

"Ki saurare ni, don Allah. Malam Zakka da yak koya min aikin ga, abin da yaf fara hwaɗa min ke nan. In wuta tat tashi cikin akwatin, gaba taka hitowa, kamar an buɗe bakin maƙera. Makunnin yana dama. Wanda yat tsaya gehe yaj ja da hagu, jikinai duk yana waje. Babbar riga kuwa, ita ka fara kamawa. Ran nan tsoro nij ji wa Baba, wallahi ba raini ba."

"Sau nawa ka taɓa ganin ta tashi?"

Ta matso kusa da shi.

"Sau nawa, Yaya Kalilu?"

"Ban taɓa gani ba."

"To!"

"Sakina, ba kullum taka tashi ba. Ana iya ja shekara da shekaru lahiya lau. Rana guda ta."

"To ni ma rana guda nika roƙo! Sau guda, masoyina... ka ja, Baba ya huce, a ɗaura muna aure. In ka so daga nan har ka tsuhwa ka yi ta ja da hagu."

"Tsoro nika ji."

"Tsoron rasa ni fa? Shi ba ka jin shi?"

Hawaye suka gangaro mata, ba na kissa ba, na gaske. Shi kuwa Kalilu zai iya jure komai a duniya ban da wannan. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Share hawayenki. Ki ce wa Baba na yarda."

Ranar har rawa ta taka a tsakar gida, Inna tana yi mata tsiya, wai amarya ba ta da kunya.

Ana gobe bikin buɗe injin ta kai wa Magdalena shinkafa a unguwar Nasarawa. Magdalena matar Malam Zakka ce, tsohuwar mai sayen shinkafar gidansu, mace mai son raha. Murna ta sa Sakinatu ta kwashe labari kaf ta ba ta. Ba ta lura mai gidan yana zaune a bakin ƙofa yana gyaran fitila ba.

"Me kika ce, 'yata?"

Malam Zakka ya miƙe. Dattijo ne daga ƙasar Jos, ya yi aikin wuta a ma'adinan kuza tun yana saurayi.

"Kalilu ya yarda da wannan? Shi ya sa ya tafi Argungu bai yi mini sallama ba!"

"Baba, sau ɗaya ne kawai..."

Ya ajiye fitilar. Ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa. Fatar ta tattare ta yi sheƙi, babu gashi ko ɗaya, kamar gandar da aka babbake.

"Ni a gefe nake ranar da wuta ta tashi, ga abin da na samu. Wanda ya tsaya a gaban akwatin abokina ne. Ni na kai wa matarsa hularsa."



"Kuma akwatin Argungu duk damina yana rufe a bakin gulbi," in ji shi. "Laima ta shige shi, ƙadangare ma yana iya shiga. Sai an kashe komai an buɗe an duba. In manya sun iso ana gaggawa, wa zai ba shi wannan lokacin?"

"Wayyo Allah... ni nas sa shi! Baba Zakka, ni nas sa shi!"

Babu motar da za ta tashi sai wayewar gari. Da asuba su uku suka hau motar kaya, ita da Inna Hodi da Malam Zakka. Ana wata ga wata, ruwan ƙarshen damina ya ɓata hanya, motar ta kafe a laka. Maza suka sauka suna turi. Sakinatu ta tattare zani ta shiga cikinsu tana turawa tana kuka, babu wanda ya iya hana ta.

Rana ta take sosai kafin su shiga Argungu.

Gari ya cika ya batse. Tutoci kore da fari ko'ina, 'yan makaranta suna maci, masunta sun fito da gangunansu. Ta kutsa cikin taro, mayafinta ya maƙale a wani wuri ta bar shi.

Can ta hango shi.

Farar babbar riga ce a jikinsa, ya yi kyau kamar ango. Ya sa an ja igiya an tura mutane baya, har Malam Dikko da Yari da ke sahun gaba. Shi kaɗai ne a cikin rumfar, a tsaye a gaban akwatin.

"Yaya Kalilu! Bari! Na janye!"

Ganguna suka haɗiye muryarta.

"Kalilu!!"

Ba ta taɓa kiran sunansa gatsau ba sai ranar. Ta ga leɓɓansa sun motsa da bisimilla. Ta ga hannun dama ya tashi.

Wani farin haske ya tsaga rumfar, ya fi walƙiya, sai ƙara kamar aradu ta faɗi a tsakar taro. Marfin akwatin ya yi sama. Mutane suka watse suna salati.

Rigar ta kama.

Malam Zakka ne ya tsallake igiya, ya ruga ya kashe injin wuta tukuna, sannan ya yaye bargon wani mahayi ya lulluɓe shi. Sakinatu ba ta ga sauran ba, a nan ta zube.

Kalilu bai mutu ba. Ya yi wata da watanni a asibiti a Birnin Kebbi. Fuska ta warke da tabo, yatsun dama suka ƙanƙance. Idanu kuwa likita ya ce sai dai haƙuri.

Yari ya zo zaure da kifinsa kamar kullum, yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Malam Dikko ya dube shi ya nuna masa ƙofa. Tsohon ya daina zuwa gona, ya daina zaman majalisa, tuwo sai Inna ta yi da gaske yake taɓawa. Rannan ya sa takalmi ya taka har gidan kawun Kalilu, abin da uban mace ba ya yi, ya durƙusa ya ce a zo a ɗaura aure.

Kalilu ya aiko da amsa daga gadon asibiti: ba ya son auren tausayi, a bar yarinya ta auri mai ido.

Sakinatu ta ja Inna suka tafi.

Yana zaune a bakin gado, fuskarsa tana kallon bango. Ta ga abin da wuta ta yi, amma ba ta kau da kai ba.

"Wa na?"

"Ni ta."

"Koma gida, Sakina."

"Ba ni komawa."

"Mi za ki yi da makaho? Aikin ma ya ƙare."

"Malam Zakka ya ce kamfani za su ɗauke ka koya wa sabbin yara dokar aiki. Ya ce babu wanda za su ji maganatai kamar kai."

Ya yi wata dariya mai ɗaci.

"Ƙwarai. Su dubi huskata, ba sai na yi magana ba."

"Yaya Kalilu, in ka ƙi ni don ka tsane ni, hwaɗa min in tahi, na cancanta. Amma kada ka ce tausai. Tun kana da ido nika son ka, har son yas sa ni wauta. Yanzu ma shi na, bai ragu ba."

Bai ce ya tsane ta ba.

Bayan 'yan kwanaki ya aika wa kawunsa cewa ya amince.

Bayan an kwashe shinkafa daga fadama aka ɗaura auren, ba kiɗa, ba guɗa mai yawa. Magdalena ce ta yi wa amarya kitso. Da yamma 'yan rakiya suka kai ta ɗakinsa, suka yi 'yar tsokanarsu sama-sama suka watse, don kowa ya ga wurin ba na wasa ba ne.

Ɗakin ya yi tsit. Yana zaune a gefen gado, tana ƙasa a kan tabarma.

"Sun ce an yi miki lalle."

"An yi."

"Har ina?"

"Har... har idon sawu."

"Zanen fa? Wane iri na?"

"Shuɗi. Mai ratsin hwari."

"Shuɗi yana yi miki kyau," in ji shi a hankali. "Na tuna."

Ta cusa bakin mayafi a baki ta danne. Hawaye suna zuba, ta hana ko numfashinta fita.

"Kuka kika yi."

"A'a."

"Ido nir rasa, Sakina, ba kunne ba."

Sai ta saki kukan gaba ɗaya. Ta rarrafo ta kama ƙafarsa.

"Ka yahe min? Don Allah, masoyina... tun ran nan ban tambaye ka ba, tsoron amsar nika ji. Ka yahe min?"

Tana jin awaki suna shigowa gida, wata mata a maƙwabta tana kiran ɗanta.

"Ba ni yi miki ƙarya a ranar aurenmu. Wata rana nakan tashi in ji na yahe, wata rana in ji ban yahe ba. Har kaina ban gama yahe wa ba, don na sani, kuma nij ja."

Ta sunkuyar da kai.

Ya miƙo hannu yana lalube a iska, ya wuce ta, ya dawo, har ya sami kafaɗarta.

"Taso daga ƙasa. Zauna nan kusa da ni, ki ci gaba da hwaɗa min. Ɗankwalin wane iri na?"