Makullin Lasisi a Ramin Katanga

Rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba, dutse na farko ya faɗo a kan kwanon shagon Mai Surfani, wanda ke manne da gidansa. Ya ja tsaki, ya leƙa waje da niyyar zazzage wa 'ya'yan maƙwabta, bai ga ko kaza ba. Yana juyawa wani ya sake faɗowa.

Mai Surfani mutum ne mai taurin kai, wannan kowa ya sani. Kekensa na surfani da kwamfuta yake aiki, manhajar zanen kuma ba ta buɗewa sai an soka makullin lasisinta, wani ɗan abu kamar filas ɗin da ake soka wa kwamfuta. Kamfanin ya ba da zaɓi: ko ka riƙe makullin, ko ka yi rajista da sunanka a mayar da lasisin kan intanet. Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji. Shi dai cewa yake abin da bai damƙe a hannunsa ba, ba nasa ba ne.

Tun ranar da ƙaninsa ya ɗauki makullin ya kai wa abokinsa su gwada kwafarsa, Mai Surfani ya daina yarda da kowa, har da durowar ɗakinsa. Sai ya samo wani rami a katangar bayan gida, kusa da magudanar ruwa. Kullum da faɗuwar rana yakan naɗe makullin a leda ya cusa shi can, ko bismillah babu.

Jifan bai tsaya ba. Kowace magariba sai an yi, daga baya aka ƙara da wata murya can bayan gida, kamar jariri ya shiɗe da kuka. Da safe ya tarar da ledar a yashe cikin magudana, ya share ta yana ƙunƙuni, da yamma ya sake cusawa, ya ƙara turawa ciki da tsinke. Haushi ya ishe shi. Riguna sun taru, masu su na sintiri, ga shi an hana shi sukuni a gidansa.

Sai wata safiya ya zura hannu ya ji wayam. Ya farfasa bakin ramin, ya tuhumi ƙaninsa, ya yi wa matarsa tsawa. Da rana ta faɗi, Auta, 'yarsa mai taya shi zaɓen launin zare, ta saki tulin zaren da ke hannunta ta zube ƙasa. Da aka ɗaga ta, hannunta na dama a dunƙule yake, maza biyu suka kasa buɗe shi.

Ƙanin ne ya je ya ɗauko Malam, wani dattijo marar yawan magana. Ya zauna kusa da kan yarinyar yana karatu a hankali. Can bakin Auta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

“Ya isa, Malam. Kana ƙona ni.”

“Me yarinyar nan ta yi miki?”

“Ita ba ta yi ba. Ubanta ne. Ramin nan ɗakina ne, jikokina ke kwana a ciki. Kullum sai ya danna musu ƙarfe a ka. Na yi jifa, na fitar masa da abinsa, ya dawo da tsinke.”

“Bai sani ba. Ki yi haƙuri ki fita.”

“Zan fita, amma ba hannu biyu ba. Abin da aka ajiye a ɗakina nawa ne. Ya zaɓa: abin da ke hannun nan, ko mai hannun.”

Malam ya dubi Mai Surfani. Shi kuwa ya tuna keken, da rigunan mutane, da rajistar da bai yi ba. Ya buɗe baki ya ce, “Malam, ba yadda za a yi a…”

“Baban Auta,” in ji matarsa, a hankali.

Kunya ta rufe shi. “Ta ɗauka,” ya ce. “Ta bar min 'yata.”

Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki. Yatsunta suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, babu komai a tafin sai shatin makullin. Daga ranar ba a sake jin jifa ba.

Washegari ya kira kamfanin. Wata mai ladabi ta tambaye shi sunan da aka yi rajista da shi. Ya yi bayani, ya rantse, ya ɗaga murya. Ta ba shi haƙuri, ta ce lasisin na wanda ke riƙe da makullin ne.

Yana zaune gaban keken da ya yi shiru, takaici na cin sa, Auta ta shigo ta ajiye masa ruwa. Ba ta fita ba. Ta tsaya tana murza tafin hannunta.

“Baba, ina jin komai fa jiya,” ta ce. “Da aka ce ka zaɓa, me ya sa ka daɗe?”