Yarinyar da Ke Jikin Inna

Likitan Maraɗi ya ce ciwo ne, wai wani firgici na ƙuruciya ya raba hankalin Inna gida biyu. Abokin aikinsa ya ce babu wannan ciwon, masu yawan tambaya ne ke cusa wa mutum shi. Malam Jimrau na unguwarmu ya ce aljana ce. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, zargina shi ne shiri take yi don kada in koma Yamai da iyalina.

Ranar kasuwar Dakoro Inna ta ɓace mana. Da almuru na same ta a hanyar Korahane, zaune gindin aduwa babu takalmi, tana carafke da tsakuwa. Matar da ciwon gwiwa ya hana ruku'u, ga ta ta tanƙwashe ƙafa kamar ƙaramar yarinya. Awakin da ke komawa gida suna zuwa kusa da ita sai su kauce.

"Inna, ya isa hakanan. Tashi mu tahi."

Ta ɗago kai. Muryar siririya ce, har da tsamin baki.

"Innata ta tahi rijiya, ta ce kar in bi baƙo. Kai wane ne?"

Ni ne ɗan farinta. Tun da ta haife ni kunya ba ta bar ta ta kama sunana ba. Ko ranar da na kwanta rai a hannun Allah, "yaron nan" ta ce. In shiri take yi, nan zan kama ta.

"Zakiru ne. Faɗi in ji."

Ta ƙura mini ido, ta cafke tsakuwarta.

"Zakiru," ta ce. "Zakiru. Sunanka da daɗi."