Hoton Ɗakin Tantabarun Odiel

Wata Lahadi ce, a ɗakin taron masu tseren tantabaru na wani ƙauye kusa da garin Tielt. Tuur na zaune gaban kwamfuta yana cin soyayyen dankali, sai wata budurwa ta dire waya a gabansa.

"Kai ne mai shafin nan?"

"Ni ne. Zauna mana."

"Ban zo zama ba. Hoton nan ni na ɗauka, sana'ata ce. Wani ya ɗora a shafinka, ko sunana bai sa ba."

Tuur ya dubi hoton sau ɗaya, ya dube ta sau uku. Shafin nasa na 'yan ƙungiya ne, kowa ɗora nasa yake yi, hotuna sun fi dubu ashirin. Nan take ya goge.

"An cire. Saura me?"

Ta zo da shirin faɗa, ta rasa abokin yi.

"To ni saura sunanki," in ji shi.

"Hannelore." Ta ɗauki dankalinsa guda ta fita.

Kafin wata uku wayoyinsu ba sa hutawa.

"Tantabarata, yau ba wanda ya saci hotonki? Ina neman dalilin ganinki."

"Malalaci. Zo ba dalili. Mama ta yi miyar kaza."

Matsalar ɗaya ce: babanta, Odiel. Shekara arba'in yana kiwon tantabaru, yana da wani namijin tantabara da yake kira Janar, wanda ya ci tsere har sau shida. Shi Brecht yake so mata, ɗan amininsa.

"Mutumin da bai taɓa share kashin tantabara ba," in ji Odiel, "me ya sani a duniya?"

Ana haka sai wani hoto ya bayyana a shafin. Ɗakin tantabarun Odiel ne, ga Janar, ga ƙofar baya da tsohon kwaɗonta, ga sunan titi ɓaro-ɓaro. A shekarar kuwa ɓarayi sun kwashe tantabarun gida biyu a yankin. Odiel ya rantse ba zai ƙara yi wa Tuur magana ba, kuma sai ya kai shi kotu.

Hannelore ta yi zaton Tuur ya gani ya ƙyale. Ta daina amsa masa.

"Lore, me na yi?" in ji Tuur.

"Ka sani."

Bai sani ba. Kwana uku bawan Allah yana lalube, ko dankalin ya daina shiga.

Ranar Laraba da safe Odiel ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ja 'yarsa zuwa wurin wata lauya a Tielt. Ya zazzage mata komai yana bugun tebur.

"Shi ya ɗora hoton?" in ji lauya.

"Shafinsa ne!"

"Na ji. Kun gaya masa ya ƙi cirewa?"

"Ba na magana da shi."

Lauya ta cire tabarau. "Yallaɓai, mai shafi ba ya ɗaukar laifin abin da wani ya ɗora alhali bai sani ba. In an sanar da shi ya yi biris, a nan ne zan shigo. Yanzu dai kwana uku ƙofarku na gaban duniya saboda kuna fushi."

Hannelore ta rufe fuska. "Baba, wallahi ni ma ban gaya masa ba."

"Kira shi," in ji Odiel.

"Ɗakinka ne, kai za ka kira."

Odiel ya yi tsaki, ya kwance agogonsa ya ajiye a tebur kamar ranar tsere, ya karɓi wayar.

"Kai, mai kwamfuta. Akwai hoton ɗakina a shafinka."

"Wane ɗaki, Baba? Tun yaushe?"

"Ni ba babanka ba ne. Cire!"

Minti huɗu, hoto ya ɓace. Kafin su isa gida Tuur ya riga su, ya jingine keke, yana durƙushe a ƙofar baya yana ɗaura sabon kwaɗo, gwiwarsa duk kashin tantabara.

"Wa ya ɗora?" in ji Odiel.

"Ai da sunansa ya ɗora, Baba, a ƙasan hoton yake. Ba ku duba ba?" Ya nuna masa kwafin da ya ajiye a waya. Brecht ne, har da rubutu: "Gidan surukina in Allah ya so."

Odiel ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa wa Tuur tsintsiya.

"Tunda ka riga ka ɓata wando, ƙarasa."

Da yamma saƙo ya shigo.

"Yi haƙuri, masoyina. Na hukunta ka ban tambaye ka ba."

"Na yafe, tantabarata. Amma ki gaya wa Janar ya daina sarana."

A watan Yuni aka ɗaura aure a ofishin magajin gari. Mama ta yi kuka har kwalliyarta ta zube. Da aka fito, Odiel ya buɗe kwanduna, tantabaru sittin suka tashi lokaci guda, suka zaga hasumiyar coci suka nufi gida.

Ya kama hannun 'yarsa ya sa a na Tuur.

"Allah ya yi muku albarka, ya cika muku gida. Amma ka ji ni, ɗana: ranar da ta yi kuka, kira ɗaya zan yi maka, kuma agogona na hannuna."